Tsumman Jaki

Kawu ya sake tura bokitin dusa gaban Akawal, dokin ya sake kau da kai. Tun da aka kawo shi ɗakin killacewa na bayan filin jirgi, inda doka ta hana kowace dabba raɓarsa har ya bar ƙasar, abinci sai dai ya shinshina. Haƙarƙarinsa duk sun fito.

Ejan mai bin takardu ya leƙo ta taga, fayil a hammata, gumi har wuya.

"Kawu, ka rufa mini asiri. Takardar gwajin jini yau take mutuwa. Wancan karon ta allura ce ta mutu, kafin mu sabunta ta, izinin shiga ya mutu. An sayar da biri an sayi kare! In bai tashi da la'asar ba, mai saye ya ce ya fasa."

"To shigo ka ci masa dusar mana, ɗan nan."

Likitar dabbobi ta zo ta kara abin sauraro a cikin dokin, ta daɗe.

"Baba, hanjinsa shiru. Ba na sa hannu a ɗora doki da wofin ciki, a sama zai murɗe ya mutu. In ya ci kafin azahar, to. In bai ci ba, ku mai da shi gida."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akawal yana ɗan dukushi uwarsa ta mutu, ya tashi a jikin wani tsohon jakin ɗiban ruwa, turke ɗaya, komi ɗaya. Ranar ciniki Kawu ya faɗa wa maigidansa, mai dokin, kada a raba su. Maigida ya yi dariya ya ce, "Jakin ma fasfo za a yi masa?"

Kawu ya hau bas ya koma barga. Ya samu tsumma ya goge jakin tas, wuya, bayan kunne, gadon baya, ya ɗaura a ƙugu ƙarƙashin singileti. A ƙofar ɗakin killacewa ya tsoma takalmi a ruwan magani, ya wanke hannu, ya sa rigar aiki. Ƙugu ba wanda ya duba.

Akawal ya miƙe kunne. Ya cusa hanci a cikin Kawu, ya yi wata haniniya ƙasa-ƙasa. Kawu ya tsuguna jikin bokiti, dokin ya biyo shi da kai, ya fara ci.

"Allahu akbar!" in ji ejan. "Kawu, wannan asirin a sam mini, matata ma ta daina cin girkin gidanmu."

Likita ta saurari ciki, ta yi murmushi, ta zaro biro. Sai a lokacin abin ya faɗo wa Kawu. Yunwar dokin kawai ya gani. Da ya bar shi da yunwarsa, da yau a gida zai kwana. Inda za shi kuwa ba jaki, ba tsumma. Garin neman gira an rasa ido.

"Baba, tambayar ƙarshe, doka ce. Ba wani abu na wata dabba da ya taɓa shi?"

Tsumman yana masa ƙaiƙayi. In ya ɗaga riga kawai, takardun duka sun ƙone, Akawal ya koma turkensa. Shi kuma a kore shi, ya kwashe iyali daga ɗakin bayan barga, da furfurarsa, ya nemi inda za su sa haƙarƙari. Ejan ya zuba wa bakinsa ido.

"Babu," in ji Kawu.

Da aka zo lodi, Akawal bai yi turjiya ba. Ƙugun Kawu ya bi har cikin akwatin ƙarfe. Kawu ya zame ta ƙaramar ƙofa, aka datse. Motar da ta ɗauki akwatin ba ta kai ga jirgin ba ya fara jin kofato yana dukan ƙarfe.

Kafin magariba ya isa barga. Matarsa tana bakin famfo.

"Malam, jirgin ya tashi lafiya? Shi ma jakin tunda aka raba su sai tsakura yake yi, yau kuwa ko kallon harawa bai yi ba."

Kawu ya wuce turke, ya kwance tsumman, wanda har yanzu da danshin yawun Akawal, ya shimfiɗa a bakin komi. Jakin ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya waiga wajen ƙofa. Sannan ya sa baki ya fara ci.

Kawu ya juya masa baya.