Gurun Malam Bahauddeen

A Rijiyar Lemo babu wanda ya kai Malam Bahauddeen tsanar laya. Ɗansa Ikrama ma ya sha bulala yana yaro, saboda wata 'yar laya da kakarsa ta rataya masa. Tsawatarwa tana da sauƙi ga mai lafiya.

Da ciwon daji ya kama Malam a mara, Ikrama ne ke kai shi wani asibiti a Sabon Gari, inda ake gasa ciwon da haske. Dole mutum ya kwanta daidai yadda aka auna shi ranar farko, in ya goce hasken ya ƙona nama mai lafiya. Kullum Malam sai ya kori ɗansa waje kafin ya tuɓe. Ran nan suka tarar ana gwada sabuwar na'ura, wadda igiyoyinta marasa ganuwa ke ratsa yadi su tsaya a fata, su nuna kwanciyar mutum a allo.

"Baba, yau ka huta da tuɓewa," in ji Chidiebere, mai kula da na'urar. "Babbar riga kawai za ka cire."

Malam ya ji daɗi, har ya bar Ikrama ya tallafe shi ya hau gado. Bai tambayi abin da na'urar ke gani ba.

Chidiebere ya dubi allo ya yi dariya. "Baba, mene ne wannan ya zagaye ƙugunka, ƙulli-ƙulli?"

"Tazuge ne."

"Tazuge mai 'ya'ya? Haba Baba! Ya tokare ka, ƙugun ya karkace. In ba a cire ba, ba zan kunna haske ba."

Ikrama ya leƙa allon. Guru ne, layu jere a ɗinke cikin fata. Ya sunkuyar da kai.

Malam na iya sauka ya koma gida da gurunsa da ciwonsa. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya cusa hannu ƙarƙashin riga, amma ƙullin ya ƙi kwantuwa.

"Ikrama," ya ce a hankali, "zo ka kwance."

Ikrama ya kwance, ya tura a aljihu, ya fita. Aka yi gashin.

A hanyar komawa cunkoso ya tsayar da adaidaitarsu a Fagge. Ikrama ya taɓa aljihu.

"Baba, in jefar?"

Malam bai juyo ba, idonsa na kan masu dakon atamfa.

"Jefar," ya ce. Can ya ƙara, "Allah Ya jiƙan kakarka. Ita dai a fili ta rataya maka."