Rassan Ƙiryar da Muka Kwaso

Ranar da labarin ƙanena Ɗanjuma ya iso mini Laraba ce, kuma ranar na yo itacen da ban taɓa yin irinsa ba don yawa. Ni Tayyiba ban yi karatu mai nisa ba, aji huɗu na tsaya, to zan faɗi abin yadda na tuna shi.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗanzomo. Mu uku muke zuwa itace tun da mijina ya rasu: ni, da Iya Ummukulthum maƙwabciyata, da Jannatu matar Ɗanjuma. Jannatu ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa, kafin ta auri ƙanena ta koma kirana Yaya. Da can sai mu yi tafiyar rabin wuni kafin mu haɗa dami ɗaya na busasshe. Da masu injin yankan itace suka shigo dajin, sai muka koyi wata dabara. Yau ka saurari inda inji yake kuka, gobe da safe ka nufi wurin. Su gangar jikin itacen suke so don gawayi, rassa kuwa su bar su a zube. Muna zaginsu, muna bin bayansu.

Ɗanjuma ya shiga aikinsu bayan gero ya ƙi a shekarar. Ba shi yake riƙe injin ba, igiya yake ja don itace ya faɗi inda ake so. Mai injin wani mutum ne da ake ce wa Oga Bilal.

Da safen nan Jannatu ta fito da gammo a hannu, idonta ya kumbura.

"Yaya, baban Ummi bai kwana gida ba. Wayarsa a kashe."

"To sai me? Ƙaramin yaro ne?"

"Bai taɓa kwana waje bai aiko ba."

Iya ta ce, "Gobe kasuwar Maigatari. Ya bi motar gawayi, ke kina nan kina jiƙa matashi. Ɗauko gatarinki, 'yar nan."

Muka kama hanya. Iya ce ta fi mu kunne, ita ta ce jiya daga wajen fadama ta ji injin, kuma kukan ya tsaya tun kafin azahar. Tana tafe tana tsine wa injin.

"Itacen da kakana ya sha inuwarsa, kafin a tafasa ruwan koko ya kwanta. Abu yana ihu kamar an yanka jaki. Kuma warin man nan har cikin miya nake jin sa."

Na ce, "Amma kin fi kowa sauri in kin ji shi."

"Yunwa ce ta san kunya? Ke ma ai ba salla za ki je yi ba."

Jannatu ba ta yi dariya ba. Na kama hannunta na ce, "Ni na goya yaron nan. Da wani abu ya same shi, jikina zai gaya mini."

Muka tarar da wata ƙatuwar ƙirya a kwance, ko rabin gangar ba su yanka ba. Rassa kuwa ga su nan kamar an tara mana. Iya ta ce Allah ya kashe ya ba mu. Sai muka ga karen Ɗanjuma, wani baƙin kare da yake kira Ƙyale-su. Yana kwance a kan wani tudun rairayi da aka haɗa da garin itace, kusa da babban reshe. Ƙudaje suna ta tashi suna sauka a wurin.

Jannatu ta tsaya cak. "Yaya, karen nan ba ya rabuwa da shi."

"Kare yana hawa mota? Nan ya bar shi, nan yake jiransa."

Ta kira shi da sunansa. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya yi wani siririn kuka, bai tashi ba.

Iya ta toshe hanci. "Mushen gafiya ya binne yake gadi. Ni ban ga abin da mijinki ya gani a ƙazamin abin nan ba. Ya lashi kwano ka wanke sau bakwai, ya shiga zaure mala'iku su fita."

"Awakinmu yake tsarewa, Iya."

"Awaki biyu da rabi."

Ni dai idona yana kan reshen da ke gefen karen. Busasshe ne tun itacen yana tsaye, kauri kamar cinyata, irin wanda zai kwana uku yana ci. Na matsa, karen ya yi mini gurnani ya buɗe haƙora. Ni da nake zuba masa ƙanzo in na je gidansu. Raina ya ɓaci. Na ɗauki sanda na maka masa a haƙarƙari, na ƙara. Ya ja da baya yana ɗingishi, na janye reshena. Ina juyawa ya koma kan tudun ya kwanta.

Muka ɗaure damuna. Na Jannatu ƙarami ne, don ta fi tsayawa tana duba hanya. Na zare daga nawa na ƙara mata. A hanyar dawowa na yi ta ba ta labarin wautar Ɗanjuma yana yaro, har na samu ta murmusa sau ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da muka iso na ce kada ta hura wuta, ni zan dafa mana. Na faskara reshen nan na ɗora tukunya. Ƙirya ba ta hayaƙi sosai, wutarta ja ce mai kyau. Na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, na kai mata. Ta ce ba ta iya ci. Na zauna a gabanta na ce ba zan tashi ba sai ta cinye malmala ɗaya. Ta ci don ni.

Hannunta yana cikin kwanon, sai Hussaini, wani ɗan acaɓa na ƙauyenmu, ya yi sallama, bayan la'asar. Ya ƙi shigowa, ya tsuguna a bakin zaure yana kallon ƙasa. Ya ce jiya Oga Bilal ya kira shi daji. Ƙiryar ta juya ta faɗo wajen masu igiya, babban reshe ya sami Ɗanjuma a ƙirji da kai. Suka ɗora shi a babur, mutum ɗaya ya riƙe shi ta baya, har ƙofar asibiti a Gumel. Nan suka ajiye shi suka juyo, ko sunansa ba su faɗa ba, don ba su da takardar sare itacen. Oga ya ce duk wanda ya buɗe baki shi ma zai kwana a hannun hukuma. Su kuma na daji suka tura rairayi suka rufe jinin. Hussaini ya ce ya kasa cin abinci, yau ya koma ya tambaya, aka ce mutumin ya cika jiya kafin magariba, ana ta neman danginsa.

Ban tuna kukan da na yi ba. Na tuna na fita bayan ɗaki na yi amai har wuyana ya yi zafi.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake tayar mini da zuciya. Manya suka zauna, aka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a kai magana gaba. Ranar sadakar uku sai ga amalanke a ƙofar gida cike da itace, wai Oga Bilal ya aiko gudummawa a dafa wa masu gaisuwa. Aka karɓa. Aka ce Allah ya saka masa. Na ga mutane suna suɗe hannu. Kafin sadakar bakwai kuwa matan ƙauyenmu sun kwashe rassan ƙiryar nan tas, kowa ya san wurin, ba wadda ta fasa. Iya ma ta koma. Da na yi mata magana ta ce, "Itace bai san abin da ya yi ba, Tayyiba." Na juya na tafi, don ni na fara.

Karen ya ƙi dawowa gida. Na kai masa tuwo sau biyu, yana hango ni sai ya tashi ya koma nesa, sai na tafi ya dawo kan tudun. Zuwa na uku ban same shi ba, ba kuma wanda ya sake ganinsa.

Jannatu ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Tana cikin takaba, wata rana ina tsefe wa Ummi kai a gefenta, sai ta ce, "Yaya, tuwon ranar nan, da wane itace kika dafa?"

Na so in ce da kara. Bakina ya ƙi.

"Da reshen da na ƙwace wa karen."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Na sani. Ina so ne in ji ko za ki sake kwantar mini da hankali."

Da ta fita takaba ta koma gidansu a Gagarawa da 'yarta. Muna gaisawa ta waya da salla. Har yanzu Yaya take ce mini, amma ba ta ƙara gaya mini damuwarta ba, ni ma ba ni da bakin tambaya.

Yanzu ni kaɗai nake zuwa itace, can nesa inda na saba da, ina tsintar abin da iska ta karyo. Wani lokaci sai na haɗa da kara da kashin shanu kafin tukunya ta tafasa. In aka kawo mini itace, ko na saya a bakin hanya don ciwon ƙafa, kafin in tura kowane a murhu sai na shafa bakinsa da yatsa. Na gatari kaushi gare shi. In na ji santsi, na san inji ne ya yanka, sai in ajiye shi bayan ɗaki in nemi wani.