Ƙyallen Gwaggo Moevao

Leutu ta ɗaga kwalbar man kwakwa ta saita ta da rana. Dishi-dishi yake, kamar ruwan wankin shinkafa. Sau biyu ke nan mai sayen mansu a Auckland yana dawo musu da samfuri, ya kuma ce na uku ne na ƙarshe. Gida talatin a wannan gefen na tsibirin Savai'i da kwakwarsu suka dogara, ga jirgin ruwan Apia zai tashi ƙarfe biyu.

Ta juya ta tarar da gwaggonta Moevao, wadda ta raine ta, ta riga ta kashe injin tacewa tana kwance farantansa masu riƙe da ƙyallayen tace mai.

"Gwaggo, me za ki yi?"

"Wanki mana. Dubi yadda dusa ta manne wa ƙyallayen."

"Sau nawa kike wanke su a rana?"

"Da na ga datti. Ni ba ƙazama ba ce."

Shekara huɗu Leutu ta yi tana karatun sarrafa abinci, amma ba a koya mata yadda ake ce wa gwaggo ta yi kuskure ba.

"Gwaggo, ramukan ƙyallen sun fi ƙananan ɓurɓushin girma. Dusar da take taruwa a kansa ita ce take tare su. Duk wankin da kika yi, sai mu koma farko."

"Wato a jami'a ƙazanta aka koya miki."

"Ki ba ni awa ɗaya. In bai yi ba, ni zan wanke su har Kirsimeti."

Moevao ta yi tsaki, amma ita ta ɗaure farantan da hannunta. Leutu ta rage ƙarfin famfo, ta mai da bututun fita cikin tanki, man ya yi ta zagayawa. Minti ashirin, babu canji. Gwaggo ta naɗe hannu tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Gumi ya jiƙa wa Leutu baya.

Wajen minti arba'in launin ya fara washewa. Moevao ta tara kwalba, ta kanga a fuskarta. Ta cikin man ta hango 'yarta garai-garai, har da tabon da ke haɓarta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaure murfin tam.

"Maza kai jirgi," ta ce. "In kuwa matan coci suka tambaye ki, ki ce kullum ina wankewa."