Hanyar Tsohuwar Ganuwa

Ezekiel tsohon soja ne. Bayan ya ajiye aiki ya dawo Zuru ya zauna, sai ciwon suga ya ci masa ido, har ya zama ba ya rarrabe komai sai haske da duhu. Tun da matarsa Saloma ta rasu da damina, 'yarsa Joyce, wadda ke aikin jinya a cikin gari, ita ke kula da shi.

Wata Asabar da safe, tana haɗa masa shayi, ya ce yana so ta kai shi tsohuwar ganuwa.

Joyce ta sha jin labarin wurin, amma ba ta taɓa zuwa ba. Katanga ce ta duwatsu a kan wani tudu can bayan Manga, inda kakanninsu suka fake a zamanin yaƙe-yaƙe. Ƙofarta ɗaya ce, mutum biyu ba sa shiga a jere. A bakin ƙofar nan Ezekiel ya fara yi wa Saloma magana, ranar da matasan cocinsu suka hau tudun, shekara hamsin ke nan.

"Baba, hanyar ba kamar da ba ce," in ji ta. "Ka bari yaya Ebenezer ya zo da motarsa."

"Yayanki sai ƙarshen shekara. Ai akwai mota a tasha."

Ta dube shi. Har ya sa takalminsa, ya ɗaure igiya. Sai ta tashi ta shirya.

A tasha sai da suka yi kusan awa biyu kafin motar ta cika. Direban, wani mai furfura da ake kira Maharazu, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi a gaba. Joyce ta matsu a baya tsakanin wasu mata uku da jarkar manja. Da suka bar gari kwalta ta fara gutsurewa, motar na faɗawa rami tana fita. Ezekiel kuwa sai kiran sunayen wurare yake, yana lissafa su da kwanar hanya. Wani wurin ya dace, wani wurin Maharazu ya gyara masa a hankali.

A mararraba suka sauka. Daga nan sai babur. 'Yan kabu-kabu na jin inda za su, kowa ya kau da kai, sai wani magidanci mai suna Nasiruddeen.

"Mi za ku yi can, 'yar'uwa? Mutanen gindin tudun sun tashi tun bara, saboda ɓarayin daji."

"Babana ne yake son zuwa."

Ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya ce zai kai su, amma kafin la'asar dole a juyo. Suka sa Ezekiel a tsakiya, Joyce ta rungume shi ta baya. Sai a lokacin ta ji yadda ya rame, haƙarƙarinsa duk a hannunta.

Suka ratsa ƙauyen. Ɗakuna a buɗe, rumbuna ba jinka, ciyawa ta rufe rijiya.

A gindin tudun Ezekiel ya karɓi sandarsa ya fara hawa. Bai yi taku talatin ba numfashinsa ya sarƙe. Ya huta, ya sake gwadawa, gwiwarsa ta ƙi. Suka zaunar da shi a inuwar wata ɗorawa.

"Ke hau," ya ce. "Ki dubo mini."

Joyce ta hau ita kaɗai, ƙaya na kama mata zane. Da ta kai sama ta tsaya tana neman katangar da aka ce ta fi mutum tsawo. Babu ita. An kwashe duwatsun, sai ɗan layin da bai wuce gwiwa ba, da tsibin da aka tara ba a dawo an ɗauka ba. Daga ƙofar, gefe ɗaya ne kawai ya rage a tsaye. Ta dafa shi, dutsen da zafin rana. Ta yi ƙoƙarin ganin mahaifiyarta a wurin tana budurwa, ta kasa. Fuskar kwanakin jinya ce kaɗai ke zuwa mata.

Tana saukowa tana shirya abin da za ta faɗa.

"Tana nan, Baba," ta ce.

"Joyce." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Tun da na sauka daga babur nake taka sawun tifa. Gaya mini abin da kika gani."

Ta zauna kusa da shi ta gaya masa duka. Ya saurara bai katse ta ba.

"Wane gefen ne ya rage?"

"Na dama, in za ka shiga."

"A nan ta tsaya," ya ce. "Da kwalbar ruwa a hannunta. Na roƙe ta in sha, ta ce ba ta san ni ba."

Ya yi ɗan murmushi, sai hawaye suka biyo. Bai share ba. Nasiruddeen ya matsa can gefe yana duba tayar babur ɗinsa. Sai da inuwar ɗorawar ta gusa daga kansu, sannan ya zo ya ce, "Baba, a yi haƙuri, lokaci ya yi."

A mararraba suka sami wata mota mai komawa Zuru. Wannan karon duk a baya suka zauna. Wata mata mai goyo ta gaishe su, ta tambayi daga ina.

"Gida muka je," in ji Ezekiel. "Ba mu sami kowa ba."

Matar ta ce Allah ya kyauta. Kafin su kai rabin hanya barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗar Joyce. Hannunta ya sage, amma ba ta motsa ba har suka shiga tasha.