Yokabedi ta Uku

Shekara uku ina bin tsofaffin yankinmu na Busoga ƙauye ƙauye ina ɗibar jininsu, har wasu suka fara ɓuya in sun ji ƙarar motarmu. Abin da nake bincike wata ƙwayar gado ce da ke jininmu. Ita ta ceci kakanninmu daga ciwon barci lokacin da ƙudan tsando ya kusa share ƙasar nan. Amma wanda ya gaje ta ta wajen uwa da uba duka, sau da yawa ƙodarsa ce ke biyan bashin. Yayana Balikowa yana da shekara arba'in da uku ya rasu a kan injin wankin ƙoda. Bayan jana'izarsa na gwada kaina, na tarar ni ma biyu gare ni, ta uwa da ta uba. Shekarata talatin da takwas.

A takarda, tambayata ita ce ko mai biyu yana iya kaiwa tsufa. A gaskiya kuwa, kaina nake tambaya wa. Cikin tsofaffi ɗari biyu da sha ɗaya da suka haura tamanin da biyar, mai biyu ɗaya tak muka samu: Yokabedi Tibenda ta wajen Namutumba, katin baftismarta na 1929. Ma'aikacinmu Mukose ne ya ɗauko jininta da hoton katin. Wata shida ina riƙe da sunan matar nan kamar laya, sannan na ce sai na gan ta da idona kafin in aika rahoto.

Na same ta tana tada kunyar dankali da fartanya. Na durƙusa na gaishe ta da Jaja, yadda muke kiran kaka, zuciyata fal murna. Casa'in da biyar, ga haƙora, ga ƙarfi!

"Jaja, ba ni labarin lokacin yaƙin Turawa, da ake kwasar maza soja."

"Ni? Ina na san shi? Wannan sai Yokabedi ta farko."

"Ta farko kuma?"

"Gwaggona mana, mai katin. Ke 'yar ina ce?"

Ta yar da fartanyar ta zauna a tabarma, ta shiga yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wawa. Yokabedi ta farko ta kumbura ta mutu da ƙuruciyarta, ta bar 'ya'ya huɗu. Ranar zaman makoki na ƙarshe dangi suka naɗa ƙanwarta magajiya, suka yafa mata mayafin ɓawon itace, suka miƙa mata 'ya'yan da tukwane da suna da akwatin takardu. Ita ma ta biyun ba ta cika hamsin ba ƙafafunta suka kumbura, ta bi yayarta. Sai aka yafa wa wannan.

"To ke yaushe aka haife ki?"

"Shekarar da aka sauke tutar Bature, in ji uwata."

Shekarar 1962 ke nan, shekarunta sittin da biyu kacal. Haushi ya turnuƙe ni har na ji kunnena yana zafi. Ni 'yar Busoga ce fa, gaba da baya. Na sha zama a irin wannan makoki, na ga an yafa mayafin, ni da kaina na durƙusa na kira matar da ba ta haife ni ba Mama. Amma da na ga lamba a kan kati, sai duk boko ya rufe mini ido.

Na juya kan Mukose, wanda ya samu kujera yana ta ɓare dafaffen dankalin da aka kawo mana.

"Mukose, kai ba ka da ido? Wannan ta yi maka kama da mai casa'in da biyar?"

"Likita, ce mini kika yi in duba kati. Na duba. Katinta ne, kowa a garin nan ya sani."

"Katin gwaggonta ne!"

"To ai ita ce gwaggon yanzu," ya ce, ya ci gaba da tauna.

Na rasa wanda zan shaƙe. Ba wanda ya yi ƙarya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Hujjata guda ɗaya ta cewa ana daɗewa ta rikiɗe ta zama mata uku, biyu a kabari.

Tsohuwar tana ta kallona tana dariya ƙasa ƙasa.

"Jikata, me ya yi zafi? Daɗewa kike nema, ga ta. Shekara casa'in da biyar Yokabedi ba ta bar gidan nan ba, ba a taɓa kwana ba wuta a murhunta ba."

"Jaja, ba irin wannan nake nema ba."

"Wata iri gare ku a asibiti?"

Ta ɗage zanenta, ta danna babban yatsa a ƙwaurinta. Da ta ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Tun damina kumburin ya fara. Ni na riga na gaya wa dangi wadda za a yafa wa, ba na son rigima a bayana." Ta ƙura mini ido. "Mukose ya ce jininmu iri ɗaya ne da ke. Kin zaɓi taki magajiyar?"

Na buɗe baki in ce mata ni likita ce, ban zo nan don wannan ba. Sai na tarar tuni na san amsar. Kauma, 'yar ƙanwata, tana da haƙuri da yara.