Man Shanun Kaka Genowefa

Jadwiga ba ta kai 'ya'yanta makaranta, a gida take koyar da su. Ran Laraba ta kwashe su, har da uwarta Genowefa, zuwa ƙauyen tarihi, inda ma'aikata ke sa tufafin mutanen da, suna nuna ayyukan gargajiya. Genowefa ta sha ɗankwalinta mai furanni na zuwa coci.

Tana hutawa a ƙofar wata bukka sai ga shugaban ma'aikata.

"Ke! Zama aka ɗauke ki yi? Tashi ki kaɗa nono, baƙi na jira!"

Ta cika ta yi fam, amma ta tashi. Ta kaɗa har mai ya taso, jikoki na tafi.

"Mama, me kike yi haka?" in ji Jadwiga.

Shugaban ya gane baƙuwa ce, ba ma'aikaciya ba, ya shiga ba da haƙuri.

"Riƙe haƙurinka, ɗan nan. Ka mai da kayan cocina kayan tarihi, ka sa ni aiki. Wanda ya kaɗa, shi ke da mai."

"Iya, ai na gidan nan ne..."

Ta dunƙule man cikin ganyen kabeji tana kallon tsakiyar idonsa. Da kansa ya je ya ƙaro mata burodi.