Idon Kaka

A cikin kwandon ƙyallaye aka tsinci tabarau ɗin, an naɗe shi da guntun yadi, gilashi ɗaya ya tsage, hannu ɗaya ya karye. Tun safe Kaka take laluben ɗaki tana nemansa. Jikarta Auta, 'yar shekara tara, har taya ta nema ta yi, tana leƙa ƙarƙashin gado.

"Ni ce," in ji Auta, da uwarta ta tsare ta da ido. "Wasan malama nake yi, sai na zauna a kansa."

Kaka ta dafe keken ɗinkinta. Da wannan keken ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, kuma babu wanda bai ɗanɗani tsumagiyarta ba.

"Ga ɓarna ga ƙarya," ta ce wa 'yarta. "Idan hannunki ya yi sanyi, miƙo min ita."

Uwar ta dawo daga aikin asibiti ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar.

"Kin raba Inna da idonta, kin kuma bar ta tana wahalar nema. Har a haɗa sabo, ke ce idonta. Daga makaranta sai ɗakinta. Babu wasa, babu kallo."

"Wannan ne horon?" Kaka ta yi tsaki. "Ni da na dake ku, lalacewa kuka yi?"

"Ba mu lalace ba, Inna."

Ranar farko Auta ta shigo tana kumbure-kumbure, Kaka ma ba ta sakar mata fuska ba. Zura zare a kafar allura kaɗai ya ci rabin yamma. Ita ke karanta sunan magani, ita ke bambanta shuɗi da baƙi, ita ke riƙe hannun tsohuwa a tsallaka titi. Wata rana tana can tana kallon 'yan wasa a bakin hanya, Kaka ta yi tuntuɓe ta kurje gwiwa. Babu wanda ya yi mata faɗa. Ita ta ɗebo ruwa ta wanke ciwon, tana kuka har da shessheƙa.

"Kaka, haka kike gani kullum? Dishi-dishi?"

"Ke ma inuwa nake ganinki, ƙawata. Inuwa mai surutu."

Daga nan ba a sake kiran ta ba, da kanta take zuwa. Har ta koyi ɗinka maɓalli, a karkace.

Ranar da uwar ta kawo sabon tabarau, Kaka ta saka shi. Ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta hangi wani farin zare a goshin 'yarta, ta kai hannu da sauri don ta cire. Sai matar nan mai shekara arba'in ta kauce, ta kare kanta da gwiwar hannu.

Hannun Kaka ya tsaya a sama. Ba zare ba ne, furfura ce.

"Har yanzu?" ta ce a hankali.

"Jiki ne kawai ya saba, Inna." 'Yar ta kama hannun ta riƙe. "Mu biyar ne, ke kaɗai, ga ɗinkin mutane yana jira. Ina kika ga lokacin zama ki yi mana bayani? Lokacin da nake da shi yanzu, ke kika nema min."

Auta ta faɗo ɗakin a guje, ɗankwali a karkace, tana son ganin tabarau. Kaka ta ɗaga hannu don ta gyara mata. Yarinyar ko ƙifta ido ba ta yi ba, sai ma ta ƙara matso da kanta.

Kaka ta daɗe tana gyaran ɗankwalin da ya riga ya gyaru. Sannan ta dubi 'yarta.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Cire takalmin nan ki zauna. Kin gaji."